Abin da Aka Zuba wa Goɗiya

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka bugo waya caji ofis, aka ce mutum ya mutu a filin da ake horar da dawakin tsere. Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya kira Saje.

Shekara ashirin da tara ke nan yana sanye da kaki, saura 'yan watanni ya ajiye shi. Ya ga gawa a bakin titi, ya gan ta a rijiya, ya gan ta a ɗakin da aka kulle ta ciki. Bai taɓa ganin mutum da dabba sun mutu tare a wuri guda ba sai ranar.

A lanƙwasa ta biyu ta filin suka same su. Goɗiya ce baƙa, doguwa, kwance a gefenta, sirdi na nan ɗaure a bayanta. Taku huɗu daga gare ta an lulluɓe mahayinta da bargon doki. Wuyansa ne ya karye. Magidanci ne, uban 'ya'ya uku, wanda kowa a filin ke kira Guguwa saboda yadda yake sakin doki.

Likitar dabbobi, wata mata mai farin tabarau, tana durƙushe tana duba dasashin goɗiyar.

"Ba tuntuɓe ta yi ba," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Ƙafafunta lafiya lau. Zuciyarta ce ta tsaya tana tsakiyar gudu."

"Shekarunta nawa?"

"Biyar."

"Zuciyar goɗiya mai shekara biyar takan tsaya haka kawai?"

"Ba ta tsayawa haka kawai, Sufeto. Wani abu ta ci. Zan ɗebi abin da ke cikinta in gwada, amma sai ka ba ni kwana biyu."

Ana cikin haka sai ga mai dawakin, wanda ma'aikatansa ke kira Maigida, yana tafe yana huci. A bayansa akwai ƙaninsa, kakkauran mutum mai yawan share goshi, wanda aka ba riƙon bargar dawakin shekara biyu da suka wuce, ake ce masa Manaja.

"Guba aka ba ta!" in ji Maigida. "Saura kwana shida tsere. Gaya masa, kai, gaya masa wanda ya yi!"

Manaja ya gyara murya. "Yallaɓai, akwai wani tsoho a nan, Baban Barga. Shekara talatin da huɗu shi ke ba dawakin gidan nan abinci. Mako uku da suka wuce na karɓe makullin ɗakin abinci daga hannunsa, saboda ya tsufa kuma ba ya jin magana. A gaban mutane ya ce goɗiyar nan ba za ta ga ranar tsere ba."

"Kafin yau, yaya lafiyarta?"

"Ƙalau. Ko tari ba ta yi ba."

Ma'aikata biyu suka tabbatar da cewa sun ji tsohon ya faɗi maganar. Shi kuwa yana zaune a ƙasa kusa da gawar, ya ɗora hannu ɗaya a kan bargon. Saje ya matso ya raɗa wa Sufeto cewa mamacin mijin 'yar tsohon ne.

Sufeto ya sani sarai cewa furucin ɓacin rai ba shaida ba ne. Yana cikin juya abin a ransa wayarsa ta yi ƙara. Shugaban ofis ne, kuma daga yadda ya fara magana Sufeto ya gane cewa Maigida ya riga shi kira.

"Kana da wanda ake zargi, kana da shaidu biyu. Me kake jira?"

Sufeto ya mayar da wayar aljihu. Da hannunsa ya ɗaga tsohon daga gefen gawar. Tsohon bai yi gardama ba, ya dai waiwaya sau ɗaya kafin ya shiga mota.

Bayan azahar aka shigo da shi ɗakin tambayoyi. Siriri ne, yatsunsa duk sun kanannaɗe saboda riƙon igiya da shebur.

"Baba, ka faɗi maganar nan ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe."

"Ka ce ba za ta ga ranar tsere ba. Ga shi ba ta gani ba."

"Da na ce ruwa zai sauko, ya sauko, ni na zubo shi?"

Saje ya buga tebur. "Kai, tsoho, nan ba dandalin hira ba ne!"

Sufeto ya ɗaga masa hannu. "Bar shi. Baba, me ya sa ka faɗa?"

Tsohon ya dube su, kamar yana auna ko waɗannan mutanen za su fahimta.

"Cikin doki ƙarami ne, ranka ya daɗe, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Shi ya sa mai ba shi abinci ba ya gaggawa. Ciyawa busasshiya mai tsabta ita ce gaba, ita ce mafi yawan abincinsa. Hatsi kuwa kaɗan-kaɗan, a raba shi kashi uku ko huɗu a yini, gwargwadon aikin da ya yi. Ranar da bai yi gudu ba a rage masa. In za ka sauya masa abinci, sai ka kwashe kwana goma kana ƙara cikin tafi ɗaya na sabon kana rage ɗaya na tsohon. Ni ko wane buhu aka kawo, sai na sa hannu na shinshina, na tauna, kafin doki ya ci."

"Manaja bai yarda da haka ba?"

"Ya ce goɗiyar ta rame. Ya ce ana ganin haƙarƙarinta, baƙin Maigida na yi mana dariya. Ya ce in ninka mata hatsi. Na ce masa dokin tsere ba san kasuwa ba ne, nama ba ya gudu. Ka san shi shekara ashirin ya yi yana kiwon shanu a turke kafin yayansa ya kawo shi nan. Idonsa da nama yake auna dabba. Ranar ya karɓe makulli, ya mayar da ni shara da ba da ruwa. Cikin fushi na faɗi abin da na faɗa, nufina in aka cika mata ciki zai murɗe. Ban san..."

Sufeto ya jira.

"Ni ke share mata ɗaki," in ji tsohon daga bisani. "Kwana uku ina ganin ta bar abincinta. Daga nan sai na riƙa samun komin abincinta a share tas, amma tururuwa sun cika shi. Na yi magana, aka ce in riƙe tsintsiyata. Je ka duba komin nan, ranka ya daɗe. Doki ba ya barin abinci sai da dalili, kuma ba ya komawa kansa sai an yaudare shi."

Washegari da hantsi Sufeto da Saje suka koma bargar. Doguwar rumfa ce mai ɗakuna goma sha biyu, kowane ɗaki da komin siminti da bokitin ruwa. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya, dawakai na leƙo kai suna shinshinar kafaɗarsa. Komi goma sha ɗaya a bushe suke. Na ƙarshe, na goɗiyar, layin tururuwa ne tun daga ƙasa har bakinsa.

Ya sa yatsa ya shafo. Wani abu baƙi mai danƙo ya manne masa.

"Ruwan rake ne mai kauri, yallaɓai," in ji Manaja daga bayansa. "Duk mai doki na zubawa. Ƙarin ƙarfi ne."

"Me ya sa ita kaɗai?"

"Ita ce za ta yi tsere."

Sufeto ya ciro wuƙar aljihu ya ƙwaƙulo tsagar simintin. Ƙwayoyin abinci ne irin waɗanda inji ke dunƙulawa, ƙanana kamar kashin awaki. Wasu kore-kore, wasu ruwan ƙasa.

"Launi biyu nake gani."

"Haka kamfanin ke yi. Wani buhun ya zo da haske, wani da duhu."

Ya buɗe musu ɗakin abinci ba tare da an tambaye shi ba. Buhuna takwas a jere a kan katako, kowanne da hoton doki a jikinsa. Saje ya huda uku. Duk ƙwayoyin kore ne.

"Zo ka ga wani abu, yallaɓai," in ji Manaja. Ya zagaya da su bayan rumfar, inda wasu kaji suka yi dafifi a kan tarin ƙwayoyin abinci. "Duk abin da ta rage, nan ake zubarwa. Kajin nan mako biyu suna ci. Ka ga wadda ta mutu? Da abincina ne, ai kaza za ta riga doki faɗuwa. A ruwa aka sa mata guba. Wa ke ba da ruwa kuwa, ka sani."

Saje ya gyaɗa kai. "Wallahi kajin nan sun fi ni cika riga, yallaɓai."

Sufeto bai yi dariya ba. Hujjar ta yi masa nauyi, domin bai ga inda zai kama ta ba. Ya dai lura cewa tarin ya fi ƙarfin ragowar komi guda, kuma kusan dukansa ruwan ƙasa ne. Ya ɗebi cikin tafi ya zuba a ambulan, ya sa Saje ya ɗauki bokitin goɗiyar, ya aika da su duka wurin likita.

Daga nan ya nufi gidan mamacin. Ya daɗe a mota kafin ya fito.

Matar ta karɓe shi a ƙofar ɗakinta, ƙaramin ɗanta na riƙe da gefen zanenta. Ba ta ce masa ya zauna ba.

"Shekaranjiya war haka ina da miji, ina da uba," in ji ta. "Ɗaya Allah ya karɓa. Ɗayan kai ka ɗauka."

"Aiki ne, baiwar Allah. In mahaifinki ba shi da laifi..."

"Babana ne ya fara ɗora mijina a kan doki. Shi ya koya masa riƙon linzami, shi ya ba shi ni. Duk wanda zai sa wa goɗiyar nan guba ya san wanda zai hau ta. Ka tambayi kanka wannan kafin ka sa shi a mota?"

Sufeto bai tambayi kansa ba, kuma bai yi mata ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai.

"Mijinki ya yi miki wata magana a kan goɗiyar?"

"Kwana uku ba shi da wata magana sai ita. Ya ce tana gumi tana tsaye a inuwa. Ya ce ƙafafunta na baya na rawa, fitsarinta ya yi duhu kamar shayi. Ranar da abin ya faru, yana ɗaura takalmi ya ce mini, yau ba zan sake ta ba, zagayawa kawai zan yi da ita a hankali."

"Ya gaya wa wani?"

"Ya gaya wa Manaja. Sau biyu."

A hanyar komawa ofis Sufeto ya tuna kalmomin Manaja a filin: ƙalau, ko tari ba ta yi ba.

Shugaban ofis bai saurare shi har ƙarshe ba. "Maganar matar da ke son a saki ubanta? Kwana biyu ke nan yana tsare, ba mu da ikon ci gaba da riƙe shi haka. Jibi da safe za a gurfanar da shi da tuhumar kisa. Ka haɗa fayil."

Sufeto ya koma teburinsa ya zauna. Ya san abin da gurfanarwa da tuhumar kisa ke nufi. Babu beli. Za a tura tsohon gidan yari ya jira shari'a, kuma jiran kan cinye shekaru. A farkon aikinsa ya taɓa haɗa irin wannan fayil a kan wani mai gadi, cikin gaggawa, don a huta da matsin wani babba. Mai gadin ya shekara huɗu a tsare kafin alƙali ya ce babu hujja. Har yanzu Sufeto yakan sauya hanya idan zai bi ta unguwar mutumin. Wannan tsohon kuwa ba shi da shekara huɗu da zai bayar.

Ya jawo takardar tuhuma, ya duba ta, ya mayar cikin aljihun tebur ba tare da ya rubuta komai ba.

Da safiyar rana ta uku likita ta kira shi. Ya same ta a ɗakin gwaje-gwajenta, ta baza ƙwayoyin kashi biyu a kan farar takarda.

"Ruwan bokiti tsaf yake," in ji ta. "Koren nan abincin doki ne. Wannan ruwan ƙasan kuwa ba na doki ba ne ko kaɗan. Abincin shanun turke ne, wanda ake ba sa don ya yi saurin ƙiba."

"Abincin shanu zai kashe doki?"

"Akwai wani sinadari da ake haɗa shi da shi. Sa ya ci, ya yi nama. Ana sa irinsa a abincin kaji ma. Amma doki, ɗan kaɗan ya ishe shi. Yana lalata masa naman zuciya a hankali. Za ka ga yana ƙin abinci, yana gumi, yana tangaɗi. In aka bar shi ya huta, wani yakan rayu, ko da yake ba ya komawa yadda yake. In aka sa shi gudu..." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ka ga abin da ya faru."

"An nuna mini kaji suna ci, ba su mutu ba."

"Ba za su mutu ba. Da gubar ɓera ce, da ka tarar da su a baje. Kajin da Saje ya ce mini sun ci sun yi ƙiba, su suka sa na san abin da zan nema."

Sufeto ya fito ya ce da Saje, "Ina masu kiwon shanun turke ke sayen abinci?"

Wani layi ne a bayan kasuwar dabbobi, shaguna a jere, ƙurar dusa ta yi wa kowa fari a gira. A shago na uku aka ce musu in dai tsohon mai kiwo ne, babu wanda bai taɓa saye a wurin Uwar Dusa ba.

Suka same ta zaune a kan buhu, tana fifita da kwali. Babbar mace ce mai kaifin harshe.

"Sannu da zuwa, manya. Kaza kuke kiwo ko saniya? Wannan na bayanka dai da ganinsa ba ya buƙatar ƙarin abinci."

Saje ya ɓata rai. Sufeto ya kwatanta mata Manaja.

"Na san shi, tsohon mai saye na ne. Amma tun da ya sayar da shanunsa ya koma wurin dawakan yayansa, shekara biyu ke nan, ban sa shi a ido ba."

Sufeto ya zagaya shagon a hankali. Ya tsaya a gaban jerin buhunan abincin shanu. A jikin kowanne akwai hoton sa mai ƙiba, a ƙasa kuma, a kusurwa, ɗan ƙaramin hoton doki an ja masa jan layi biyu a gicciye. Bayan ƙofa ya hango irin buhun guda, babu komai a ciki, an warware bakinsa da kyau an ninke shi.

"Kina sayar da wannan a mudu?"

"A'a, buhu-buhu ne."

"To wa ya sayi buhu ya tafi da abinci ya bar miki buhun?"

Kwalin ya tsaya a hannunta.

"Uwar Dusa," in ji Sufeto, muryarsa ƙasa-ƙasa, "akwai tsoho ɗan shekara saba'in a tsare a wurina. Gobe da safe za a kai shi kotu a kan ya kashe surukinsa. In ya shiga gidan yari, ba na jin zai fito da ƙafarsa. Ni na kama shi, wannan nawa ne. Kada ki ɗauki rabonki a ciki."

Ta dubi ƙasa, ta dubi titi, sannan ta ce da Saje ya jawo ƙofar.

"Mako biyu da 'yan kwanaki ya zo. Ya zo da buhun abincin doki wanda babu komai a ciki, ya ce in juye masa a nan. Na ce, ɗan'uwa, doki za ka ba? Ka ga hoton nan kuwa? Ya yi dariya, ya ce wayon kamfani ne, don su sayar da na doki da tsada. Ya ce shi da ya yi shekara ashirin yana ba dabba wannan abincin, ni zan koya masa? Da na ji abin da ya faru a filin, wallahi abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Tsoro ne ya rufe mini baki."

"Za ki faɗi haka a rubuce?"

"Kawo takardar."

La'asar ta yi lokacin da suka isa bargar. Maigida na zaune a kan kujera a bakin rumfa, ƙaninsa na tsaye yana duba yadda ake wanke wani doki. Sufeto ya shimfiɗa ninkakken buhun a ƙasa a gabansu, ya ɗora rahoton likita a kai.

"Ka san wannan buhun?"

Manaja ya share goshi. "Abincin shanu ne. Mu ba mu da shanu a nan."

"Uwar Dusa ta ce ka bar shi a shagonta."

"Ƙarya take yi. Shekara biyu..."

"Ka ce mini goɗiyar ƙalau take. Matar mamaci ta ce sau biyu mijinta ya gaya maka tana tangaɗi. Ka ce a ruwa aka sa guba, likita ta ce ruwan tsaf yake. Ka nuna mini kaji, ka ce ragowar komi ce. Rabin buhu ne ka juye musu da safen da abin ya faru, kafin mu iso." Sufeto ya sa yatsa a kan ƙaramin hoton dokin. "Wannan fa, ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Maigida ya miƙe tsaye a hankali. "Kai, me mutumin nan ke faɗa?"

Manaja ya zauna a bakin komin ruwa.

"Yaya, ka tuna ranar da ka kawo abokanka? Ɗaya ya ce, ana ba ta abinci kuwa, ko iska take sha? Kowa ya yi dariya. Ka juyo ka dube ni. Ni a duniya abu ɗaya na iya, in karɓi dabba ƙashi da fata in mayar da ita abin kallo. Ban taɓa riƙe dabbar da ake ƙirga haƙarƙarinta ba. Na ce kafin ranar tsere sai ta cika ta yi sheƙi, ka san ba a banza ka kawo ni ba."

"Da ta ƙi ci fa?" in ji Sufeto.

"Na zuba mata ruwan rake. Haka nake yi wa sa in ya ƙi sabon abinci."

"Da ta fara tangaɗi?"

"Na daina ba ta. Wallahi na daina, kwana biyu kafin ranar. Na ɗauka zai wuce."

"Da safen ranar, me mahayin ya ce maka?"

Manaja ya rufe fuska da hannu biyu. Sai da Sufeto ya maimaita tambayar.

"Ya ce ba zai sake ta ba. Na ce Yaya na tafe da baƙi su ga gudunta, in ba zai hau ba akwai mai hawa. Ya dube ni, ya dubi sauran mahaya. Ya ce gara shi, shi ya san ta, zai ji in ta fara gazawa." Ya ja numfashi da ƙyar. "Bai samu ya ji ba."

Mai wanke dokin ya ajiye bokiti ya matsa nesa.

"Tsohon fa?" in ji Sufeto. "Kana kallo na ɗaga shi daga gefen gawar surukinsa."

"Tsoro na ji. Maganarsa tana bakin kowa, sai na ɗauke ta na fake da ita. Na ce tsoho ne, za su riƙe shi kwana biyu su sake shi."

Maigida ya kamo hannun Sufeto. "Sufeto, ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuskure ne. Bari in kira shugabanku, a zauna a yi magana."

"Ka kira shi. Wancan karon da ka kira shi na saurara. Saje, sa masa ankwa."

Saje ya sa masa, ya kama shi a gwiwar hannu ya bi da shi ta gaban ɗakunan dawakai har bakin mota. Manaja bai ɗago kai ba. Yayansa na tsaye da waya a hannu, bai danna komai ba.

A ofis, Sufeto bai aiki kowa ba. Ya karɓi makulli daga hannun kurtun da ke kanta, ya buɗe ɗakin tsarewa da kansa. Tsohon na zaune a kusurwa, ya haɗa gwiwoyi da ƙirji.

"Baba, taso. An gano wanda ya yi. Ba ka da laifi."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Manaja, ana shigo da shi. Ya tsaya ya dubi ankwar, ya dubi fuskarsa.

"Me ka ba ta?"

"Abincin shanu, Baba."

"Da ka bar ni na shinshina buhun," in ji tsohon, ya wuce.

A kanta aka miƙa masa hularsa da takalmansa. Sufeto ya tsaya a gefensa yana jiran ya gama sawa. Ya shirya maganar tun a mota, amma da lokacin ya zo sai ta fito guntuwa.

"Baba, na yi gaggawa a kanka. Ka yafe mini."

Tsohon ya gama ɗaura takalmin dama, ya koma na hagu.

"An binne shi?"

"Tun ranar, da yamma."

"Wa ya saka shi a kabari?"

Sufeto bai sani ba. A kwana ukun nan ya tambayi mutum goma sha ɗaya tambayoyi, wannan ba ta zo masa a rai ba ko sau ɗaya.

"Mun yi alkawari da shi, shi zai saka ni," in ji tsohon. "Da abin ya juya, ai da ni ya kamata in saka shi."

Ya gyara zaman hularsa, ya nufi ƙofa. Sufeto ya bi shi har bakin titi, ya buɗe masa ƙofar mota.

"Bari in kai ka gida, Baba."

Tsohon ya dubi motar, ya girgiza kai.

"Na shiga ta sau ɗaya, ranka ya daɗe. Zan taka."